Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Za Ka Gane Kifi Kafin Ka Saya

A jihar Damagaram akwai tafkuna masu kifi, kamar na Gidimuni da na Lasuri. Akwai kuma masu kiwon kifi a gida, a cikin kwarmi ko tankin siminti. Idan kana son shiga wannan sana'a, da sayen ƴaƴan kifi za ka fara. A nan ne asara take fara shigowa, domin suna kaɗai ba ya nuna maka irin kifin da aka ba ka.

Me ya sa sunaye suke ruɗarwa?

Masunci yana cewa karfasa, wani ya ce gargaza, ma'aikaci kuma ya ce carpe da Faransanci. Amma carpe na ainihi wani kifi ne dabam, na ƙasashen Turai da Asiya. Haka nan giwan ruwa ana ce masa capitaine, alhali a gaɓar teku, kamar Senegal, wani kifin ruwan gishiri ne yake da wannan suna.

Ruɗanin ya kai har Turai da Amurka, inda ake sayar da kifin Afirka domin ado a akwatin gilashi. Dangin ƙurungu sun fi iri 100. Wasu daga cikinsu ne suke iyo a rigingine, amma a kan laƙaba wa waɗansu da dama wannan suna domin a sayar. Talibambam ma ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, sai ya girma ya kai santimita 40, ya riƙa cizon sauran kifaye.

Domin kauce wa wannan ne masana suke ba kowane iri suna guda na Latin, mai kalma biyu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linne, shi ya kafa wannan tsari ga dabbobi a shekarar 1758.

Tarwaɗa ko ramboshi?

Dukansu ba su da ɓawo, kuma kowanne yana da gashin baki guda 8. To, dubi bayan kifin. Tarwaɗa, wadda masana suke kira Clarias, fiffike ɗaya ne dogo gare ta, daga bayan kai har kusa da wutsiya. Ramboshi, wato Heterobranchus, fiffike biyu ne gare shi: na gaba mai ƙashi, na baya kuma tsoka ce zalla. Idan ka ga na bayan ɗan ƙarami ne, mai yiwuwa barbarar yanyawa ce tsakanin su biyun.

Wace karfasa ce?

Karfasar da aka fi so domin kiwo ita ce Oreochromis niloticus. Wutsiyarta tana da zane a jere, daga sama zuwa ƙasa. Macen tana riƙe ƙwai a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Akwai wata mai jan ciki, Coptodon zillii, wadda take zuba ƙwai a ƙasan ruwa. Ita ba ta kai ta farko girma ba. Idan ita aka ba ka, za ka yi watanni kana ciyarwa, ranar kamu ka tarar da ƙananan kifi marasa daraja a kasuwa.

Hattara da ɗan giwan ruwa

Giwan ruwa, wato Lates niloticus, kifi ne mai cin kifi. Yana da faɗin baki, leɓensa na ƙasa ya ɗan fi na sama tsawo. Ƴan kaɗan idan suka shiga cikin ƴaƴan karfasa, za su rage maka su ƙwarai. An zuba shi a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, daga baya irin ƙananan kifaye masu yawa suka ɓace.

Abin da za ka yi ranar saye

1. Zuba kifi kaɗan a farin kwano mai ruwa, ka duba su a cikin haske.
2. Ƙirga fiffiken baya, ka dubi wutsiya, baki da gashin baki.
3. Nemi a nuna maka iyayen, domin alamomi sun fi fita a jikin babban kifi.
4. Roƙi mai sayarwa ya rubuta maka sunan Latin a takardar ciniki.
5. Kada ka zuba kifin da ba ka sani ba a tafkin gari, domin abin da ya shiga tafki fitar da shi da wuya.

Idan shakka ta kama ka, tafi da kifin wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji na garinku, ko wurin tsohon masunci. Tambaya rabin ilimi ce, kuma ta fi asarar jari sauƙi.