Gidan Kwanan 'Yan Mata a Makarantun Mishan: Abin da Muka Gani

Ya ku dattawanmu na Ollelewa, da 'yan'uwa masu ci-rani a Damagaram da Kano da Agadas: Tun da maganar kai ɗiya mata lakwal mai kwana ta raba kawunanmu a taro, muka ga ya kamata mu waiwayi inda abin ya fito.

Mishan na Katolika ya kafu a Yamai a 1931, daga baya ya iso Damagaram. Amma mu mutanen Damargu a Kano muka fara ganin wannan al'amari, domin can ƙafarmu ta saba tun zamanin ayari. A 1948 waɗansu mata masu zuhudu, waɗanda ake ce wa sista, suka zo Kano daga ƙasar Ailan, suka kafa makarantar St. Louis. A Yamai kuma sista 'yan Kanada suka buɗe Kwalejin Mariama a 1962, don 'yan mata.

Iyayenmu sun ƙi abin, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wa zai miƙa 'yarsa ga baƙo mai wani addini? Duk da haka Musulmi da yawa sun kai nasu, suka fito da sallarsu, waɗansu suka zama malamai da ma'aikatan asibiti.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin kwanansu. Akan raba yara gida-gida, a gauraya su da gangan, 'yar attajiri da 'yar talaka, Bahausa da wadda ba ta jin Hausa. Kowace sabuwa akan ba ta babba mai lura da ita, kamar ya da ƙanwa. Ƙararrawa ke ta da su, kowa da aikinta na shara da wanki, in ɗaya ta yi sakaci gidan duka ke jin kunya ran duba tsabta. Wannan ai gayya ce irin tamu ta gona, sai dai su sun sa mata littafi da agogo. Horon yakan yi tsanani, ba mu ɓoye ba, kuma kuɗin makaranta ya fi ƙarfin mai gero buhu biyu.

A Janairun 2015 aka ƙone coci da makarantar mishan a Damagaram. Yaran da suka rasa aji ran nan, da yawansu 'ya'yan Musulmi ne.

A 2017 gwamnati ta yi doka don a bar 'ya mace a lakwal har shekara 16, daga baya aka gina gidajen kwana, har da na Kelle a ƙasar Gure. Gini dai an iya shi. Tambayar da za mu kawo taro mai zuwa ita ce: in aka yi namu, wace dattijuwa cikinmu za ta kwana da yaran, kuma wa zai ɗauki nauyin hatsinsu in damina ta ƙi kamar 1984?