Me ya sa matan baƙar fata a Amurka suka fi haihuwar jariri babu rai?

A Amurka, idan ciki ya kai mako 20 sannan yaron ya mutu kafin ya fito duniya, ba ɓari ake kiransa ba, ana rubuta shi cikin haihuwa babu rai. Duk shekara ana samun kusan 21,000. A lissafin hukumar CDC na 2020, cikin kowace haihuwa 1,000 ta matan baƙar fata sama da 10 babu rai suke zuwa, na farar fata kuwa ba su cika 5 ba. Ninki biyu ke nan, kuma a ƙasa ɗaya fa.

Abu na farko da likitoci ke nunawa shi ne cututtukan da mace ke shiga ciki da su: hawan jini, ciwon suga da yawan ƙiba. Duk sun fi yawa a baƙar fata. Hawan jini yana rage jinin da ke kai wa yaro ta mabiyiya, wani lokaci ya sa ta rabu da mahaifa tun lokaci bai yi ba. Sai batun kuɗi. Asibiti a can tsada gare shi, wadda ba ta da inshorar lafiya takan makara wajen fara awo.

To amma talauci kaɗai bai isa bayani ba. Ko macen baƙar fata ta yi jami'a, tazarar ba ta rufewa. Mata da yawa suna kukan cewa sun ce yaro ya daina motsi, aka ce su koma gida su huta. A 1992 wata mai bincike, Arline Geronimus, ta kawo bayanin cewa damuwar wariyar launin fata ta shekara da shekaru tana cin jikin mace tun da ƙuruciyarta.

Wasu za su ce ai jini ne, gado ne. Ni dai ban gamsu ba. Wani bincike na 1997 a jihar Illinois ya gano cewa matan da aka haifa a Afirka suka koma can, nauyin jariransu ya fi kusa da na farar fata a kan na baƙaƙen da suka tashi a Amurka. Nauyi aka auna, ba mutuwa ba, amma ya nuna zaman wurin yana da hannu.

Har yau, kusan ɗaya cikin uku na takardun mutuwar irin waɗannan jarirai a Amurka ba su ɗauke da takamaiman dalili.