Labarin Hanyar Anka zuwa Gummi

Ga labarin hanyar da ta ɗinke garuruwan yammacin Zamfara. In mutum ya fito Gusau ya nufi Sakkwato, a Mayanci zai ratse hagu ya bi ta har Anka. Daga Anka ta miƙe yamma, ta ratsa ƙasar Bukkuyum ta Nasarawar Burkullu, ta kuma ba da reshe zuwa garin Bukkuyum kansa. Sa'an nan ta isa Ɗaki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu da ita, kana ta faɗa Gummi.

Tun ba a san mota ba ƙafa ta share ta, gama garuruwan nan uku duk kusa da Gulbin Zamfara suke, fatake kuwa ba su nisa da ruwa. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a zamanin Sarkin Gobir Babari, sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura, har daga bisani sarauta ta tabbata a Anka. Sarkin Zamfara na Anka, Sarkin Danko na Bukkuyum, Sarkin Mafara na Gummi, manzanninsu kuwa ta nan suke kai da kawowa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, garuruwan suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗa da auduga suka juya gabas suna neman tasha, jakuna suka fara ba motoci wuri. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Zamfara daga ta Sakkwato, hanyar ta zama ita ce mai kai talakawan yamma ga hukumarsu a Gusau.

Amma fa hanya tana da iyaka. A 2010 gubar dalma ta ɓulla wajen masu niƙa dutsen zinariya a Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. A lokacin ƙauyukan nan ba su bisa kwalta, da damina kuwa isa gare su sai da wahala; Bagega ma sai 2013 aka kwashe mata ƙasar da ta gurɓace. Haka kuma a dazuzzukan da ke nesa da titi ɓarayin shanu suka sami maɓoya, har suka kai ga tare matafiya.

To, abin lura ke nan. Inda hanya ta tsaya, nan idon hukuma yake tsayawa. Wanda aka danƙa wa gyaran gada ko kwalbati kada ya raina aikinsa, gama ta kansa likita da alƙali da malamin makaranta za su bi su isa ga talaka. Allah ya kiyaye matafiya, amin.