LinkedIn da neman aiki: yadda dandalin yake da abin da zai iya yi wa ɗalibi

LinkedIn dandali ne na intanet da ke haɗa ma'aikata, masu ɗaukar aiki da masu nemansa. Reid Hoffman da abokan aikinsa ne suka kafa shi a Amurka a ƙarshen 2002, aka buɗe shi ga jama'a a watan Mayun 2003. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 aka sanar cewa masu rajista sun kai biliyan ɗaya. Buɗe shafi kyauta ne ga wanda ya cika shekara 16. Wani babban kaso na kuɗin shigar dandalin yana fitowa ne daga kamfanonin da ke biya domin su binciko ma'aikata a cikinsa. Ma'ana, bayanan da ɗalibi ya zuba a shafinsa su ne hajar da ake kasawa.

Yadda ake gano mutum

Mai ɗaukar aiki ba ya bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Kalmomi yake rubutawa a wurin bincike, kamar sunan sana'a, gari, ko wata manhaja da yake so a iya, sai na'ura ta jero masa waɗanda suka dace. Don haka wanda ya rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa yana neman "kowane irin aiki" ya ɓoye kansa da hannunsa. Ɗalibar aikin jarida da ta yi horon SIWES a gidan rediyo za ta fi fitowa idan ta ambaci cewa ta iya tace murya, ta faɗi manhajar da take amfani da ita, ta kuma ɗora rahoto ɗaya ko biyu da ta haɗa. Kundin binciken kammala digiri, aikin sa kai da wurin da aka yi hidimar ƙasa duk gogewa ce. Haka ma iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida da fassara, abin da ɗalibai da dama ke mantawa su rubuta alhali kafofin yaɗa labarai da ƙungiyoyin agaji na nemansa.

Tun 2020 akwai alamar nan mai koren zobe da ake sa wa hoto domin nuna cewa mutum yana neman aiki. Ana iya saita ta yadda masu ɗaukar aiki kaɗai za su gani.

Sanin nesa

Amfanin dandalin mafi girma yana cikin mutanen da yake haɗawa. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya gabatar da ra'ayin cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda aka sani sama-sama fiye da amini. Dalilin a fili yake: kai da amininka kusan mutane ɗaya kuka sani, labari ɗaya kuke ji, shi kuwa sanin nesa yana zaune a wata majalisa daban.

A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken da ya gwada wannan ra'ayi a kan LinkedIn, inda aka bi mutane fiye da miliyan 20 tsawon shekara biyar. An riƙa sauya irin mutanen da dandalin ke ba masu amfani shawarar su ƙulla alaƙa da su: wasu aka fi nuna musu na kusa, wasu na nesa. Sakamakon ya nuna cewa alaƙa mai matsakaicin rauni, wato mutumin da kuke da 'yan abokai kaɗan tare, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki. Tasirin ya fi ƙarfi a sana'o'in fasahar zamani, yayin da a sana'o'in da ba su dogara da kwamfuta sosai ba alaƙa ta kusa ta fi amfani. Abin da ya jawo suka shi ne ba a shaida wa waɗanda aka yi gwajin a kansu ba, duk da cewa hanyar abincinsu ake taɓawa.

Ga ɗalibin da ba shi da kawu a ma'aikata, wannan bincike yana da muhimmanci. Shafin kowace jami'a yana da sashen tsofaffin ɗalibai, inda ake ganin abin da suka karanta da inda suke aiki yanzu. Wanda ya gama sashenku shekara biyar da suka wuce shi ne ainihin sanin nesa. Gajeren saƙo mai tambaya guda, misali wace ƙwarewa aka fi dubawa a wurinsu, ya fi samun amsa a kan roƙon "a taimaka mini da aiki". Kuma gara a fara tun ana aji biyu ko uku, lokacin da tambaya ba ta yi kama da bara ba.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Dandalin ya fi tasiri a bankuna, kamfanonin sadarwa da fasaha, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ayyukan da ake yi daga gida. Aikin gwamnati a Najeriya wata duniya ce. Hukumomi suna da shafukan ɗaukar aikinsu, kuma a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya, har da Hukumar Raba Daidai da aka ɗora wa alhakin tabbatar da adalci. Babu kyawun shafin da zai magance wannan. Lamari ne na siyasa da bin doka. Masu neman guraben cikin gida suna iya haɗawa da Jobberman, wanda ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo suka kafa a 2009.

'Yan damfara

Duk inda masu neman aiki suka taru, mazambata na biye da su. Salonsu kusan ɗaya ne: shafi da tambarin babban kamfani, albashin da ya wuce hankali, gaggawar mayar da hira WhatsApp ko Telegram, sannan buƙatar kuɗin fom, na horo ko na biza. Wasu lambar BVN ko NIN suke nema tun kafin a yi ganawa. Mataki na farko shi ne a duba ko gurbin yana shafin kamfanin na ainihi, a kuma lura da adireshin imel ɗin da aka turo saƙon.

Tayin aiki a ƙasar waje ya fi haɗari. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya na iya kasancewa a tsare ana tilasta musu damfarar intanet, kuma da yawansu da tallar aiki ta ƙarya aka ja su.

Shi kansa dandalin an taɓa yi masa kutse a 2012, daga baya a 2016 ta bayyana cewa bayanan shiga na fiye da mutum miliyan 100 aka kwashe. Saboda haka kada kalmar sirrinsa ta zama ɗaya da ta imel ko ta banki, a kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma takardar tarihin karatu da aiki da za a ɗora a fili kada ta ɗauki adireshin gida ko cikakkiyar ranar haihuwa.