Idan Gwamnati Ta Saki Kasuwa, Wa Ke Cin Riba?

Mai karatu, tambayi dattawan Matameye labarin gyaɗa. A shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA. Shi ke sayen gyaɗar manoma a farashin da hukuma ta yanke. Fari da cutar gyaɗa suka karya nomanta a shekarun 1970. Daga baya gwamnati ta janye hannunta, kamfanin ya rushe, manomi ya koma neman mai saye da kansa.

Nijar ba ta taɓa bin kwaminisanci ba. Amma wannan labari zai taimake ka ka gane abin da ya sami ƙasashen da suka bi shi.

Mene ne kwaminisanci?

Tsari ne da gwamnati ke mallakar masana'antu, a yawancin ƙasashe har da gonaki, ita ce kuma ke yanke farashi. Ya faɗi a gabashin Turai a 1989. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991.

Hanyoyi sun rabu

Poland ta saki farashi a Janairun 1990. Jama'a sun sha wuya, amma tattalin arziki ya fara farfaɗowa a 1992. A 2004 ta shiga Tarayyar Turai, ta sami babbar kasuwa.

Yukren ta yi jinkirin gyara, ta yi ta buga kuɗi. A 1993 kaɗai farashin kaya ya ninka kimanin sau 100. Mutane ƙalilan suka mallake manyan masana'antu da araha. Arzikin ƙasar ya yi ta raguwa har 1999.

A Biyetnam jam'iyyar kwaminis ba ta sauka ba, amma ta soma gyara a 1986. A 1988 aka raba wa iyalai gonaki su noma wa kansu. A 1989 ƙasar da ta yi fama da ƙarancin abinci ta fara sayar da shinkafa mai yawa a waje.

Abin lura

Sakin kasuwa kaɗai ba ya kawo wadata. Sai da doka mai aiki, da kuɗi masu daraja, da wurin sayar da amfani.

Saboda haka, duk ranar da ka ji za a sayar da kamfanin gwamnati, ka tambayi abu uku. Wa zai saya? Nawa zai biya? Wa zai kare ƙaramin manomi? Ka kai waɗannan tambayoyi taron ƙungiyarku ta manoma.