Takardar Da Ta Ɗaure Ƙafar Ɗan Ƙwallo: Jayayyar Shekara Ɗari Tsakanin 'Yan Wasa Da Masu Kulob

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san yadda musu ke kaurewa idan kasuwar cinikin 'yan wasa ta buɗe. Wani ya ce wane butulu ne, ya guje wa kulob ɗin da ya raine shi. Wani ya ce ai kwantiraginsa ya ƙare, sai ya tafi inda ya ga dama. Da Kylian Mbappe ya bar PSG ya koma Real Madrid a 2024 ba tare da an biya ko sisi na kuɗin sayensa ba, an yi ta cacar baki a kan halinsa, amma babu wanda ya ce doka ta hana shi. Shekara 30 kafin nan, a yawancin ƙasashen Turai, ɗan wasa bai isa ya yi haka ba. Wannan dama sai da aka yi kusan ƙarni guda ana fafutukarta, kuma waɗanda suka fi shan wuya a kanta ba su ne suka ci moriyarta ba.

Labarin ya samo asali ne daga Ingila. A 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wato FA, ta halatta a biya mutum kuɗi don ya buga ƙwallo. A 1888 kulob 12 suka haɗu suka kafa gasar lig ta farko a duniya. Masu waɗannan kulob attajirai ne na garuruwan masana'antu, 'yan wasan kuwa 'ya'yan leburori ne, daga masaƙu da ramukan haƙar kwal. Ba a jima ba masu kulob suka ga cewa idan aka bar kowa yana zawarcin ɗan wasan kowa, albashi zai yi ta hauhawa. Sai suka ɗaure abin da igiya biyu.

Igiya ta farko ta zo a 1893. Da zarar ɗan wasa ya sa hannu kulob ya yi masa rajista, to wannan takarda ta zama mallakin kulob ɗin. Ko kwantiragi ya ƙare, ba zai buga wa wani kulob na lig ba sai da yardar na farko. Idan aka yi masa tayin sabon kwantiragi ya ƙi, sai a riƙe takardarsa, ya zauna babu wasa babu albashi. Igiya ta biyu ta biyo baya a 1901, lokacin da aka ƙayyade cewa kada albashin ɗan wasa ya wuce fam 4 a mako, komai gwanintarsa. Kuɗin da kulob zai karɓa idan ya sayar da ɗan wasa kuwa ba a sa masa iyaka ba. A 1905 Middlesbrough ta sayi Alf Common daga Sunderland a kan fam 1,000, karo na farko da aka kai wannan adadi, alhali shi kansa doka ba ta yarda ya wuce fam 4 ɗinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kulob suna da hujjarsu, kuma ba za a ce shirme ce ba. Sun ce idan aka saki linzami, kulob masu kuɗi za su kwashe gwanaye duka, ƙanana su mutu, gasar ta rasa armashi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, nauyin wannan daidaito a wuyan ɗan wasa kaɗai aka ɗora shi.

Cikin waɗanda suka fara ɗaga murya akwai Billy Meredith, mutumin Wales wanda ya yi aikin haƙar kwal tun yana yaro kafin ya zama tauraron zamaninsa. A ranar 2 ga Disamba 1907, shi da Charlie Roberts, abokin wasansa a Manchester United, suka jagoranci taro a wani otal a Manchester inda aka kafa ƙungiyar 'yan wasa. Da farko FA ta amince da ita. Amma a 1909, da ƙungiyar ta nemi shiga ƙawancen ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, sai hukumar ta janye amincewarta, ta umarci kowane ɗan wasa ya fice ko a dakatar da shi. Akasari suka bi umarni. 'Yan wasan Manchester United, waɗanda suka ɗauki kofin FA a wannan shekarar, suka ce atafau. Aka dakatar da su, aka tsayar da albashinsu, suka koma yin atisaye da kansu. A nan ne aka ɗauki shahararren hoton nan nasu, suna zaune a bayan wani allo da suka rubuta wa kansu suna na barkwanci, Ƙungiyar Korarru. Ana gab da fara kakar wasa aka yi sulhu. Ƙungiyar ta tsira da ranta, amma daga bisani ta haƙura da ƙawancen 'yan ƙwadago, igiyoyin biyu kuma suna nan daram.

A 1912 aka gwada hanyar kotu. Herbert Kingaby ya yi ƙarar Aston Villa saboda ta hana shi komawa wani kulob. Lauyansa ya ɓata lokaci wajen nuna cewa kulob ɗin ƙeta ya yi masa, maimakon ya ƙalubalanci tsarin kansa. Aka yi watsi da ƙarar, kuɗin shari'a ya kusa durƙusar da ƙungiyar, aka kuma shafe shekara 50 kafin wani ya sake kai maganar gaban alƙali.

A tsawon waɗannan shekaru ƙwallo ta bunƙasa, ɗan wasa bai bunƙasa ba. A kakar 1948 zuwa 1949 mutum fiye da miliyan 41 suka biya kuɗin shiga kallon wasannin lig a Ingila, iyakar albashi kuwa fam 12 ne a mako. Tom Finney na Preston, ɗaya daga cikin gwanayen da ƙasar ta taɓa yi, ya ci gaba da sana'arsa ta gyaran famfo yana buga ƙwallo. A 1952 kulob ɗin Palermo na Italiya ya yi masa tayin fam 10,000 na sa hannu kawai, ga gida ga mota. Preston ta ce ba inda za shi, kuma maganar ta mutu a nan. Neil Franklin, mai tsaron bayan Ingila, ya tsere zuwa Kolombiya a 1950, inda ake gudanar da gasar da ba ta ƙarƙashin FIFA. Da ya dawo aka dakatar da shi, bai ƙara sa rigar ƙasarsa ba.

Sauyi ya zo ne a hannun Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham da ya zama shugaban ƙungiyar a 1957. Hill ya iya magana, ya kuma san amfanin jarida da talabijin. A lokacin iyakar albashi ta kai fam 20 a mako, albashin ma'aikatan masana'antu kuma yana ta matsowa kusa da ita, ga Italiya tana janye gwanaye irin su John Charles, wanda ya koma Juventus a 1957. Hill da sakatarensa Cliff Lloyd suka zagaya ƙasa suna tara 'yan wasa, aka kaɗa ƙuri'a, aka tsayar da ranar 21 ga Janairu 1961 don fara yajin aiki. Saura kwana uku, bayan ma'aikatar ƙwadago ta shiga tsakani, masu kulob suka sauko aka soke iyakar albashi. Shugaban Fulham, Tommy Trinder, wanda ɗan wasan barkwanci ne, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kyaftin ɗinsa Johnny Haynes ya cancanci fam 100 a mako, sai dai doka ta hana. Da doka ta kau, bakinsa ya kama shi, Haynes ya zama ɗan wasan Ingila na farko da ya karɓi wannan albashi.

Igiya ɗaya ta tsinke, saura mai kaurin. George Eastham na Newcastle United ya ƙi sabunta kwantiraginsa, yana ƙorafi a kan gidan da kulob ya ba shi da kuma yadda ake tafiyar da shi. Newcastle ta riƙe takardarsa. Sai ya tattara ya koma kudancin ƙasar ya kama aikin tallan haja a kamfanin wani aminin gidansu, ya yi watanni bai taɓa ƙwallo ba. A ƙarshen 1960 kulob ɗin ya gaji ya sayar da shi ga Arsenal a kan fam 47,500. Da wani ne, da shi ke nan, tun da buƙata ta biya. Eastham ya yarda ƙungiyar 'yan wasa ta ci gaba da shari'a da sunansa. A 1963 Mai Shari'a Wilberforce na babbar kotu ya yanke cewa riƙe ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiragi tauye wa mutum hanyar neman abinci ne ba bisa ƙa'ida ba. Duk da haka kuɗin sayarwa bai tafi ba. Ko bayan gyaran da aka yi a 1978, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya, amma sai sabon kulob ya biya tsohon, idan sun kasa daidaitawa wani kwamiti ya yanka farashi.

Wanda ya ƙarasa aikin ba Baturen Ingila ba ne, ba kuma tauraro ba. Jean-Marc Bosman ɗan wasan tsakiya ne a kulob ɗin RFC Liege na ƙasar Beljiyam. Kwantiraginsa ya ƙare a 1990, aka yi masa tayin sabo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa na da. Ya ƙi, ya samu Dunkerque ta Faransa tana son sa, amma cinikin ya wargaje saboda Liege ba ta saki takardarsa ba, tana shakkar ko za a biya ta. Aka dakatar da shi yana ɗan shekara 25. Ya kai ƙara, aka yi shekara biyar ana ja, har maganar ta isa kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg. A ranar 15 ga Disamba 1995 kotun ta ce ɗan ƙwallo ma'aikaci ne kamar kowa, yarjejeniyar Turai ta ba shi 'yancin neman aiki a kowace ƙasa ta tarayyar. Don haka babu kuɗin sayarwa a kan wanda kwantiraginsa ya ƙare idan zai tsallaka wata ƙasar tarayyar, kuma ba za a ƙayyade yawan 'yan ƙasashen tarayyar da kulob zai sa a fili ba.

Abin da ya biyo baya ya gaskata ɓangarorin biyu. Albashi ya yi tashin gwauron zabo, musamman da kuɗin talabijin ya kwararo, domin kuɗin da a da ake miƙa wa tsohon kulob yanzu aljihun ɗan wasa da wakilinsa yake shiga. Tsoron masu kulob na da ma bai faɗi ƙasa banza ba. Ajax ta Holan, wadda ta ɗauki kofin zakarun Turai a 1995 da Nwankwo Kanu da Finidi George a cikinta, ta watse cikin 'yan shekaru, inda Edgar Davids da Patrick Kluivert suka tafi AC Milan kyauta. Daga 1996 zuwa 2025, Porto ce kaɗai, a 2004, ta ɗauki wannan kofi daga wajen Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa. Shi kuwa Bosman, ƙwallonsa ta ƙare tun ana cikin shari'a, kulob-kulob suka guje shi, diyyar da ya samu ba ta yi auki ba, ya yi fama da talauci da ciwon damuwa, yayin da samarin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba ke zama miloniyoyi da sunansa.

Jayayyar ba ta ƙare ba. A watan Oktoba 2024 kotun nan ta Luxembourg ta sake yanke cewa wasu dokokin FIFA na cinikin 'yan wasa sun saɓa wa dokar Turai, a ƙarar da Lassana Diarra ya shigar bayan rikicinsa da Lokomotiv Moscow. Sai dai mai karatu kada ya auna 'yan ƙwallo da Mbappe. Binciken da FIFPRO, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, ta fitar a 2016 bayan ta ji ta bakin 'yan wasa kusan 14,000, ya nuna kashi 41 cikin ɗari sun fuskanci jinkirin albashi a kakar wasa biyu da suka gabata, kashi 45 kuma ba sa samun dala 1,000 a wata. Tun 2018 dokar FIFA ta ba ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu damar ya rubuta gargaɗi na kwana 15, idan ba a biya ba ya yi gaba.

A nan gida Najeriya, inda gwamnatocin jihohi ke da yawancin kulob ɗin gasar ƙwararru, ba baƙon abu ba ne a ji 'yan wasa suna bin bashin albashin watanni da kuɗin sa hannu, ko a ga sun yi cirko-cirko a ƙofar gidan gwamnati. Da yawansu ba su riƙe da kwafin kwantiragin da suka sa wa hannu, kuma mai ƙorafi yana tsoron a ajiye shi a benci. Tarihin Ingila da Beljiyam ya nuna cewa masu kulob ba su taɓa sassauta igiya don tausayi ba. Barazanar yajin aikin 1961 ta yi tasiri ne saboda 'yan wasan ƙananan kulob sun kaɗa ƙuri'a tare da taurari, Eastham ya yi nasara ne saboda ƙungiya ta biya lauyoyi, Kingaby kuma ya faɗi saboda an kai ƙarar kulob ɗaya an bar tsarin. Ɗan wasan da ke bin bashin wata biyar a yau yana buƙatar abubuwa uku da magabatansa suka yi amfani da su: takarda a hannu, ƙungiya mai haƙori, da kotun da za ta saurare shi.