Yadda Masoya Doctor Who Suka Bi Sawun Ɓatattun Faifai Har Jos

A ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan harbe shugaban Amurka John Kennedy, BBC ta fara nuna wani shirin almarar kimiyya mai suna Doctor Who. Labarin wani baƙo ne da ake kira Doctor, daga wata duniyar, yana yawo tsakanin taurari da zamanai a cikin rumfar wayar 'yan sanda mai launin shuɗi. In ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Doctor zai tafi, sai a ce jikinsa ne ya sabunta, a kawo wani. Da wannan dabarar shirin ya yi tsawon rai.

Masoyansa sun yi suna wajen ƙorafi. Sun tayar da jijiyar wuya da aka dakatar da shi na wata 18 a 1985, sun yi jimami da aka tsayar da shi a 1989, sun rabu gida biyu da aka ba mace, Jodie Whittaker, matsayin Doctor a 2017. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsu wani aiki ne da ba su yi masa hayaniya ba, wato adana abin da masu shi suka zubar.

A zamanin da aka fara shirin faifan bidiyo tsada gare shi, don haka in an nuna shiri sai a goge, a ɗauki sabo a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, zuwan talabijin mai launi kuma ya karya darajar mai baƙi da fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 aka yi ta gogewa, aka kuma lalata kwafin fim da aka tanada don sayarwa ƙasashen waje. A cikin kashi 253 na shekaru shida na farko, fiye da rabi sun taɓa salwanta.

Amma tun ana nuna su akwai samari a Ingila da ke kafa makirfon rakoda a bakin akwatin talabijin, su hana kowa a ɗakin motsi har a gama. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Albarkacinsu, babu kashi ɗaya da sautinsa ya ɓace. Daga baya masoya suka riƙa haɗa wannan sauti da hotunan da wani mai hoto, John Cura, ya ɗauka daga fuskar talabijin, su sake gina labarin. BBC da kanta ta dawo tana ɗora zanen katun a kan sautin yaran tana sayarwa.

A 1978 wani masoyi, Ian Levine, ya tarar da fim ɗin labarin farko na Dalek, muggan halittun da shirin ya fi shahara da su, a layin waɗanda za a lalata, ya tsaya kai da fata har aka fasa. Daga nan farauta ta koma waje, domin tashoshin ƙasashen da suka sayi shirin kan miƙa wa juna gwangwanayen fim, wasu kuma ba a mayar da su Landan ba. Hong Kong ta dawo da labarin The Tomb of the Cybermen cikakke a farkon shekarun 1990.

Babban kamu a gidanmu aka yi shi. A Oktoba 2013, ana shirin bikin cikar shirin shekara 50, aka bayyana cewa Philip Morris, wani Bature mai bin ɗakunan ajiyar tashoshin Afirka, ya samu kashi 11 a wata tashar talabijin a Jos, tara daga ciki an fid da rai da su. Ya ce ƙura ya share a kan tef ɗin da aka manna wa gwangwanayen, sai ga sunan shirin a rubuce. Labarai biyu ne na zamanin da Patrick Troughton ke fitowa a matsayin Doctor, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna tsakanin 1967 da 1968. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Ko a nan ma masoyan ba su fasa halinsu ba, don kashi na uku na The Web of Fear bai iso tare da 'yan uwansa ba. Morris ya ce ya gan shi a kan kanta kafin ya ɓace, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, gidan talabijin lissafin kuɗi da wurin ajiya yake yi, mai kallo ne ya san darajar abin da ya tashi da shi. Mu da muka girma da Samanja da Karkuzu, lokaci ya yi da za mu je tashoshin da suka nuna su mu tambaya a wane ɗaki faifansu suke, mu kuma matsa a kwafe su zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye.